Kofin Molde na 2011: aikin Solskjær ne, ko dafaffe ya tarar?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Daren jiya bayan an tashi daga gidan kallo muna tsaye a teburin mai shayi, sai wani abokina magoyin bayan Arsenal ya ce wai tun da Ole Gunnar Solskjær, tsohon ɗan wasan gaban Manchester United, ya fara aikin koci bai taɓa ɗaukar ko cokali ba. Na ce masa ya yi kuskure, kuma ga abin da nake so mu tattauna a kai.

A watan Nuwamba na 2010 ne kulob ɗin Molde na ƙasar Norway ya ɗauki Solskjær a matsayin koci, lokacin yana horar da ƙaramar ƙungiyar Manchester United, bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba a rayuwarsa. An kafa Molde a 1911, kuma tsawon shekara ɗari ba ta taɓa lashe gasar lig ta ƙasar ba, duk da cewa sau bakwai tana ƙarewa a matsayi na biyu, na baya-bayan nan a 2009. A kakar 2010 kuwa ta 11 ta zo cikin ƙungiyoyi 16. Wasansa na farko, ranar Juma'a 18 ga Maris 2011, ya je gidan Sarpsborg 08, ƙungiyar da a shekarar ta hau babbar gasar, aka lallasa shi da ci 3 da nema. Amma ranar 30 ga Oktoba, saura wasa biyu a rufe gasa, kofi ya tabbata nasa. Molde ta gama da maki 58, Tromsø na biye da 53, Rosenborg ta uku da 49.

Tambayata ita ce, mutumin da ya zo a shekararsa ta farko ya yi abin da ya gagari duk waɗanda suka gabace shi na tsawon ƙarni guda, da wane dalili za a hana shi yabo?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Abban Sadiq. Abokinka ya yi kuskure, wannan babu ja, amma kai ma ka ɗauko labarin daga inda ya fi yi maka daɗi. Matsayi na 11 da ka ambata gaskiya ne, sai dai ba ka faɗi yadda aka yi aka kai can ba. Ƙungiyar da ta zo ta 11 a 2010 kusan ita ce dai wadda ta zo ta biyu a 2009, ta kuma je wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, inda maƙwabciyarta Aalesund ta doke ta a bugun fanareti. Abin da ya faru shi ne kakar 2010 ta kwaɓe wa kocinsu Kjell Jonevret, ɗan ƙasar Sweden, aka sallame shi a watan Agusta, aka kawo Bajamushe Uwe Rösler, tsohon ɗan wasan gaban Manchester City, domin ya cece su daga faɗuwa. A wasa takwas na ƙarshe Rösler ya tara maki 20 daga cikin 24 da ake iya samu. Wannan ba lissafin ƙungiyar da ta lalace ba ne, lissafin zakara ne. Saboda haka Solskjær bai tarar da kango ba, gida ya tarar ginanne wanda aka riga aka share masa.

Na biyu, ka dubi makin da kyau. Maki 58 a wasa 30 yana nufin nasara 17, canjaras 7, rashin nasara 6, wato bai kai maki biyu a kowane wasa ba. Shekara ɗaya kafin nan Rosenborg ta ɗauki kofin ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Da Molde ta kawo wannan maki 58 ɗin a shekarar da Rosenborg ke kan ganiyarta, da ko ƙurarta ba za ta hango ba.

Abban Sadiq:
Malam Habu, na ji bayaninka, amma idan gidan ginanne ne tun da can, me ya hana waɗanda suka gina shi su kwana a ciki? Manyan koci sun riƙe Molde kafin shi. Åge Hareide, wanda daga baya ya horar da ƙasar Norway da kuma Denmark, shi ne ya ba su kofin ƙalubale na farko a 1994, amma lig ta gagare shi. A 1999 har matakin rukuni na Gasar Zakarun Turai suka kai, suka kara da Real Madrid da Porto da Olympiacos, duk da haka a gida na biyu suka ƙare. Ƙungiyar da ta saba zuwa bakin gaɓa ta juyo sau bakwai, ai ciwonta ba a ƙafa yake ba, a zuciya yake, kuma wanda ya warkar da wannan ciwon shi ne mai aikin.

Injiniya Bashir:
Ku ba ni dama in sa baki, domin ina karatu a birnin Trondheim a waɗannan shekarun, kuma can ne gidan Rosenborg. Wanda bai san matsayin Rosenborg a ƙwallon Norway ba, ba zai gane dalilin da ya sa Molde ta yi ta zuwa ta biyu ba. Daga 1992 zuwa 2004 Rosenborg ce ta ɗauki lig sau 13 a jere, mafi yawansu a ƙarƙashin Nils Arne Eggen, kuma kusan kowace shekara tana shiga Gasar Zakarun Turai tana kwaso kuɗin da sauran ƙungiyoyin ƙasar ba su da kwatankwacinsa. Huɗu daga cikin matsayi na biyun da Abban Sadiq ya lissafa, wato 1995 da 1998 da 1999 da 2002, duk a cikin wannan zamanin suka faɗo. Ba rashin zuciya ba ne kaɗai, akwai giwa a kan hanya.

Abin da ake yawan mantawa shi ne a 2011 ita ma Rosenborg sabon koci gare ta. Erik Hamrén ya bar ta a tsakiyar 2010 ya koma horar da ƙasarsa Sweden, dattijo Eggen ya dawo ya ƙarasa musu kakar, sannan aka kawo Jan Jönsson, wanda ya lashe lig da Stabæk a 2008. Wato a kan takarda Jönsson ya fi Solskjær gogewa nesa ba kusa ba, kuma ƙungiyar da ya karɓa ita ce mai riƙe da kofi na shekara biyu a jere. Duk da haka shi ne ya fara kakar da tuntuɓe bai kuma miƙe da wuri ba.

Ina cikin Lerkendal, filin Rosenborg, a daren 30 ga Oktoban da ake magana. Ranar Lahadi ce, kuma a ranar aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, saboda haka tun wajen ƙarfe biyar gari ya yi duhu. Na sa riga uku da safar hannu, na ɗauki shayina a filas, amma kafin a tafi hutun rabin lokaci yatsun ƙafata sun daina ji. Molde ta riga ta yi canjaras 2-2 da Strømsgodset a gidanta, kuma Rosenborg ce kaɗai ta rage da lissafi bai fitar da ita ba, muddin ta ci Brann. Sai ga Brann ta zo har gida ta zura mata ƙwallo 6, ita kuma ta rama 3. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni, wanda tun farkon wasa bai ce mini uffan ba, ya naɗe gyalensa mai launin baƙi da fari ya cusa a aljihu, ya tashi ya fita tun ba a busa tashi ba. A filin abokan gabarta aka tabbatar wa Molde kofinta na farko, ita tana can gida tana jira.

Malam Habu:
Injiniya, Allah ya saka da alheri, ai ka ƙarasa mini magana. Zakaran da sai da wata ƙungiya ta je ta yi masa aiki a wani gari.

Injiniya Bashir:
A'a Malam, kada ka ja maganata inda ban kai ta ba. Tazarar maki 9 ce tsakaninsu a ƙarshen kaka, kuma ba a dare ɗaya aka tara ta ba. Ko da Rosenborg ta ci Brann a daren, jinkiri kawai za a samu. Abin da nake nufi shi ne ƙofa ta buɗe a shekarar, wannan gaskiya ne, amma a buɗe take ga kowa. Tromsø na da wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, Mustafa Abdellaoue, mai ƙwallo 17. Vålerenga da Brann da Viking duk sun fito ne daga biranen da suka ninka Molde yawan jama'a sau da dama, domin Molde ƙaramin gari ne a bakin ruwa wanda mutanensa a lokacin ba su kai dubu 30 ba. Cikin duk waɗannan, ita kaɗai ce ta shige.

Koci Lawal:
Ina gaishe da manya. Ni yara nake horarwa a unguwa, kuma na taɓa riƙe wata ƙungiya a ƙaramar gasa, saboda haka abin da nake dubawa a irin wannan labari ya ɗan bambanta da naku. Ba na fara duba teburi, ina duba abin da koci ya yi a ranar da abu ya ɓaci.

Abu biyu ne suka ɓaci wa Solskjær a 2011. Na farko shi ne kashin da ya sha a Sarpsborg, kuma ku lura cewa wannan Sarpsborg ɗin ita ce ta ƙare a ƙarshen teburi ta koma ajin 'yan dagaji a shekarar, ita da Start. Mutum ya zo daga Manchester da suna kamar nasa, jaridu duk sun zuba masa ido, sannan ƙungiya mafi rauni a gasar ta yi masa 3 da nema a ranar farko. Da yawa daga cikinmu da a nan za mu watsar da tsarinmu mu koma tsare gida. Shi bai yi haka ba, ya ci gaba da neman a ajiye ƙwallo a ƙasa, a fita da gudu ta gefe, a kai hari da mutane da yawa, har zuwa ranar 19 ga Yuni, ranar da kulob ɗin ya cika shekara ɗari cif, suka ci Sogndal 2-0 suka hau saman teburi.

Na biyu ya fi na farko nauyi. A tsakiyar kaka, daidai lokacin da suke sama, aka sayar da Pape Paté Diouf, ɗan Senegal, wanda shi ne ke ci musu mafi yawan ƙwallaye, ya tafi FC København ta Denmark. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin layi ya san abin da wannan ke yi wa ƙungiya. Ba ƙwallayen kaɗai ke tafiya ba, sauran 'yan wasan ma sukan fara tunanin cewa shugabanni sun fi son kuɗi a kan kofi. Solskjær ya raba nauyin a kan Davy Claude Angan ɗan Kwaddibuwa, da Daniel Chima ɗan Najeriya, da Jo Inge Berget da aka kawo a lokacin bazara, da Ba'amurke Joshua Gatt mai gudun tsiya a gefe, kuma ƙungiyar ba ta sauko ba. A nan ne nake ganin hannun koci. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Ni da kaina, a ƙungiyar da na ce na riƙe, wasa uku na yi. Na yi canjaras biyu a waje, aka ci ni ɗaya a gida. Ranar Litinin da safe na zo fili da mazugi da usur ɗina, na tarar wani yana tsaye a tsakiyar yarana yana ba su umarni, kuma a bakin mai kula da kaya na ji cewa an sallame ni. Molde kwantiragin shekara huɗu ta ba Solskjær tun kafin ya buga wasa ɗaya, kuma bayan Sarpsborg babu wanda ya tsaya masa a ka. Saboda haka idan za a raba yabo, ni sai in ware wa shugabannin kulob ɗin kasonsu.

Issoufou na Maraɗi:
Koci, sannu da haƙuri. Amma ina da tambaya a kan wannan haƙurin na shugabanni da kake yabo. Ƙaramin gari irin wanda Injiniya ya kwatanta, da wane kuɗi yake ɗauko koci daga Manchester har da mataimakansa? Ni a sanina haƙuri a ƙwallo yana da tsada, mai aljihu ne kaɗai ke iya yin sa.

Injiniya Bashir:
Malam Issoufou, ka taɓo inda magoya bayan Rosenborg suka fi son a taɓa. Akwai attajirai biyu da suka taso a Molde, Kjell Inge Røkke da Bjørn Rune Gjelsten, waɗanda tun farkon shekarun 1990 suke zuba dukiyarsu a kulob ɗin. Røkke ya fara ne da aiki a jiragen kamun kifi a Amurka, ya dawo ya zama mai iko da kamfanin Aker, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar. Su ne suka ɗauki nauyin gina filin da aka buɗe a 1998, wanda yanzu ake kira Aker Stadion, mai ɗaukar mutum sama da dubu 11. Na je shi sau ɗaya a lokacin bazara. A gaɓar ruwa yake sosai, idan ka fito daga ƙofa ruwan teku ne a gabanka, can ƙetare kuma jerin duwatsu ne da ƙanƙara a kawunansu, ga rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare. Su ma waɗannan attajiran, idan kun tuna, sun taɓa sayen Wimbledon ta Ingila a ƙarshen shekarun 1990, kuma can abin bai yi musu kyau ba.

To amma ka lura, kuɗin nan yana nan tun kafin 2011 da kusan shekara ashirin. Yana nan a 2006 lokacin da Molde ta faɗi zuwa rukuni na biyu, shekara ɗaya tak bayan ta ɗauki kofin ƙalubale na 2005. Kuɗi ya gina fili ya biya albashi, amma bai kawo lig ba sai da wannan mutumin ya zo.

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma ina ganin duk kun tsaya a kan 2011 alhali amsar tana cikin shekarun da suka biyo baya. A 2012 Molde ta sake ɗaukar lig da maki 62, a lokacin da kowa ya riga ya san salonta kuma babu sauran batun ba-zata. A 2013 lig ta kwaɓe, suka ƙare na shida, amma suka ci Rosenborg 4-2 a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale. A Janairun 2014 Solskjær ya tafi Cardiff, Tor Ole Skullerud ya gaje shi, kuma a shekarar ya haɗa lig da kofi, da maki 71, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa kai wa a tarihin gasar. Daga baya Erling Moe, wanda ya yi wa Solskjær mataimaki, ya ɗauki lig a 2019 da 2022.

Wato kulob ɗin da ya shekara ɗari babu lig ko ɗaya ya ɗauki biyar cikin shekara 12. Malam Habu zai iya cewa wannan ya nuna ba sai da Solskjær ba, tunda wasu ma sun yi, har sun fi shi maki. Ni kuma ina cewa layin da ya raba tarihin kulob ɗin gida biyu a kan shekarar zuwansa ya faɗo, kuma ba na jin haka kawai ya faru.

Malam Habu:
Hajiya, kin kawo hujja mai ƙarfi, kuma kin riga kin faɗi rabin amsata. Ga sauran rabin. Solskjær ya dawo Molde a watan Oktoba na 2015 ya zauna har Disamban 2018, wato cikakkun kaka uku, da gogewar da ta fi ta farko, har da yaro Erling Haaland a hannunsa, wanda ya zura wa Brann ƙwallo huɗu cikin minti 21 na farkon wasa a watan Yulin 2018. Lig nawa ya ɗauka a wannan zuwan? Ko ɗaya. Ya zo na biyar a 2016, na biyu a 2017, na biyu a 2018. Dalili kuwa a fili yake, Rosenborg ta farfaɗo ta ɗauki huɗu a jere daga 2015 zuwa 2018. Lokacin da giwar da Injiniya ya ambata ta kwanta ciwo, ya ci. Da ta miƙe, sai ya koma inda Molde ta saba zama.

Sannan ga Cardiff. Bai je shi kaɗai ba, ya ɗebi yaransa na Molde, Magnus Wolff Eikrem da Berget da Mats Møller Dæhli, duk a watan Janairun. Ƙungiyar ta ƙare a ƙarshen teburin Firimiya, kuma kafin ƙarshen Satumba ya bar aikin.

Maman Hanifa:
Malam, batun Cardiff ban ga shigarsa nan ba, domin tambayar da aka yi a kan kakar Molde ce, kuma ƙungiyar da ya tarar a can tana cikin rikici da mai ita tun kafin ya sauka. Amma maganar zuwansa na biyu na karɓa, tana da nauyi. Abin da kawai zan ƙara shi ne a ƙarshen 2015 ɗin Molde ta ƙare a saman rukuninta na gasar Europa, a gaban Fenerbahçe da Ajax da Celtic, kafin Sevilla ta fitar da ita, ita kuma Sevilla ita ce ta ɗauki kofin a kakar. Adalci shi ne a ce Skullerud ne ya fara wannan tafiya ta Turai da lig ɗin da ya ɗauka a 2014, Moe ya riƙe na ɗan lokaci ya kai su matakin rukuni, Solskjær ya ƙarasa. Kun ga ko a nan ma aikin na hannu da yawa ne.

Auta:
Ina neman afuwar yayyena, ni ƙarami ne a nan kuma a 2011 ina firamare. Koci Lawal ya ambaci wani ɗan Najeriya a ƙungiyar. Ta yaya ya je can, kuma shi kaɗai ne namu a gasar a lokacin?

Koci Lawal:
Auta, tambayarka tana kan hanya. Daniel Chima ya shiga Norway ne ta kulob ɗin Lyn na birnin Oslo, wanda shi ne ƙofar da John Obi Mikel da Chinedu Obasi da Odion Ighalo suka bi suka shiga Turai. A 2010 Lyn ta durƙushe saboda bashi, shi kuma ya koma Molde yana ɗan shekara 19, wato Solskjær ya tarar da shi ne, ba shi ya kawo shi ba. Sau da yawa daga benci yake tasowa, kuma wa ya fi Solskjær sanin darajar mai tasowa daga benci, mutumin da ya shigo a makare ya ci Bayern Munich a 1999?

Ba shi kaɗai ba ne. A farkon kakar 2011 ɗin babu ɗan wasan da ake magana a kansa kamar Anthony Ujah na Lillestrøm, wanda ya ci ƙwallo huɗu a wasan farko da suka ragargaza Stabæk 7-0. Shi ma a tsakiyar kaka aka sayar da shi ga Mainz ta Jamus, kamar yadda aka sayar da Diouf. Lillestrøm ta sulale ta ƙare a ƙasan teburi, Molde kuma ta ɗauki kofi. Ƙungiya biyu, rashi iri ɗaya, sakamako daban. Wannan ma Malam Habu ya sa shi a ma'auninsa.

Gasar tasu daga Maris zuwa Nuwamba ake yin ta saboda sanyi, shi ya sa kasuwar 'yan wasa ta bazara ke faɗowa a tsakiyar kakarsu, manyan ƙungiyoyin Turai su zo su tsince na kirki a daidai lokacin da ake tsananin buƙatarsu. Kocin da zai yi nasara a can dole ya iya gina ƙungiya sau biyu a shekara ɗaya.

Malam Habu:
Koci, wannan na Ujah ban yi tunaninsa ba, kuma na sa shi a ma'auni. Sai dai Lillestrøm ba ta da Røkke da zai sayo mata madadi a mako guda.

Injiniya Bashir:
Akwai wani abu da ba a ambata ba, wanda nake ganin ya fi kusa da amsa tambayar Malam Habu a kan me ya kawo da babu shi a da. Bai zo shi kaɗai ba, ya taho da Mark Dempsey da Richard Hartis daga Manchester United, na biyun mai horar da masu tsaron raga. Ya kuma taho da Eikrem, haifaffen Molde wanda mahaifinsa ya buga wa kulob ɗin, ya tafi United yana ɗan shekara 16, ya dawo ya zama mai rarraba ƙwallo a tsakiya. An sayo gola Espen Bugge Pettersen daga Sandefjord. A lokaci guda bai kori dattawan gida ba, Daniel Berg Hestad, wanda suka yi wasa tare a Molde a 1995, yana nan a tsakiyar fili yana da shekara 36, ga Magne Hoseth, ga Vegard Forren a baya. Shi kansa ɗan yankin ne, daga Kristiansund, kuma ya sha faɗa cewa tun yana ɗan wasa yake rubuta atisayen Alex Ferguson a littafi. Yaron da ke Molde idan wannan mutumin ya ce masa ga yadda ake yi a inda ake ɗaukar kofi, ba shi da bakin musu. Jonevret da Rösler ba su da wannan.

Abban Sadiq:
Na gode wa kowa. Malam Habu ya rage mini kaso daga abin da na zo da shi, musamman batun maki 20 na Rösler da kuma kaka ukun da suka wuce babu lig, amma bai karɓe duka ba. Yau da dare zan koma wajen abokina da kofi uku a hannu, lig ta 2011 da ta 2012 da kofin ƙalubale na 2013, kuma kuɗin shayi a kansa yake.

Malam Habu:
Ka je da su, hakkinka ne. Amma idan ya tambaye ka maki nawa aka ɗauki na farkon da shi, ka gaya masa 58, kada ka ƙara ko ɗaya.